Damin Farko

A Jajaye, duk kaka, damin dawa na farko daga gonar su Awaisu gidan Alhaji Ƙasimu ake kai shi, don kakan Alhaji ne ya sayi kakan mahaifin Awaisu a matsayin bawa. Tun yana yaro yake ganin mahaifin nasa yana tuɓe takalmi daga nesa ya durƙusa, Alhaji na dariya yana cewa, "Baƙaƙen gidanmu sun iso." Ko shekarar da tuwo ya gagare su ba a fasa ba.

Bana tsohon ya rasu. Awaisu ya ɗaure damin a keke, ya tsaya ƙofar Alhaji da takalminsa, ya gaishe shi cikin ladabi.

"Sauke shi a zaure mana," in ji Alhaji.

"Wannan na Inna ne, Alhaji."

Alhaji ya ɗaure fuska. "Ka manta asalinka ke nan?"

"Ban manta ba. Wanda aka saya ya daɗe a kabari, Allah ya jiƙansa. Ni ba wanda ya saye ni."

Ya hau kekensa. Ran nan mahaifiyarsa ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, har maƙwabta suka samu.