Tsofaffin Matakalar Masaƙa

Matakalar dutsen da muke bi mu sauka kogin Han daga lambun gari, ma'aikatan masaƙa ne suka gina ta, mahaifin Goggo Kuang na cikinsu. Masaƙar ta daɗe da rufewa, amma mu tsofaffin unguwa ba mu fasa iyo a nan kowace safiya ba, ko zafi ko sanyi.

Wata bazara muka tarar da sanarwa cewa za a kewaye wurin da waya, don babu masu ceto. Goggo Kuang, wadda ta ba saba'in baya, ta kwashi tsofaffin hotuna ta nufi ofishin lambun. Shugabar wurin, wata matashiya mai suna Tao, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, har da na ranar da aka aza dutsen farko.

"Goggo, hoto ba ya tsamo wanda ya nutse," in ji ta. "Ku kawo min mutum shida da suka ci gwajin ceto, in bar muku wurin."

"Masu shekara nawa?"

Tao ta yi murmushi. "Ban ce komai a kan shekaru ba."

Mu tara muka ba da suna, muka yi wata guda muna koyo. Ranar gwaji aka jefa mutum-mutumin roba a ruwa. Baba Pang, tsohon direban bas mai cika bakin ya ƙetare kogin sau arba'in, ya isa gare shi kafin ƙiftawar ido, ya janyo shi ta ƙafa, kan mutum-mutumin a cikin ruwa har bakin gaɓa.

"Sannu Pang, ka ceci ƙafarsa," in ji Goggo. "Sauran jikin fa?"

"Kin ji ya yi ƙorafi?"

Har mai gwajin sai da ya dafa gwiwa don dariya. Mu bakwai muka ci, biyu suka faɗi, har da Pang. Ya yi fushi ya ƙi cin taliyar riɗin da muka taru a kanta, sannan ya cinye kwano biyu.

Kafin ƙarshen bazara aka gyara duwatsun da suka girgiɗe, aka sa ƙarfen dafawa, aka rubuta sunayen maginan a bango. Pang ya ci gwajin a karo na biyu, aka ba shi usur. Tun daga ranar ba mu ƙara samun safiya mai shiru ba.