Kanwar Iya Yakaka

Malam Badaru, malamin kimiyya a wata sakandare a Haɗeja, ya rubuta ƙa'idar harba rokar gwaji a allo har sau biyu: gorar roba iri ɗaya, ruwan tsamiya kofi ɗaya, kanwa cokali ɗaya. A toshe da totuwar masara, a kifa gorar, a ja da baya. Tunda komai daidai ne, dole rokokin su tashi daidai. Sai an tabbatar da haka za a fara canza abu ɗaya ɗaya.

Rokoki tara suka tsaya iyakar tagar aji. Ta Amatullahi ta haye rufin kwano, ta sauka a gonar shinkafar maƙwabta.

Washegari ma haka. Malam Badaru ya shinshina gorarta, ya ɗanɗana tsamiyarta, ya sa ta zazzage jaka. Ya tuna 'yar yayar mataimakin shugaban makaranta ce, kuma ɗaliba ɗaya za a tura gasar kimiyya a Dutse. A ganinsa bincike ya ƙare.

"Me kike ƙarawa?"

"Wallahi ba komai, Malam."

"To gobe zan cire sunanki. Sai ki je ki yi wa kawunki bayani."

Sikelin makarantar ya mutu tun kafin a kawo Malam, don haka Iya Yakaka mai dafa abinci ce ke daka kanwar, ta ƙulla wa kowa a takarda. Da safe Malam ya laɓe bayan madafa don ya kama kawun da hannu dumu-dumu.

Ɗalibai suka zo, kowa ya miƙa hannu ya wuce. Amatullahi ta durƙusa, ta gaishe ta da Barbarci, ta tambayi ciwon gwiwa. Iya ta auna cokali guda, ta ƙara rabi.

Malam ya fito. "Iya, cokali ɗaya na ce!"

"Ɗaya na sa, ɗan nan. Wannan gyara ce. Shekara talatin ina awo a kasuwar Kirikasamma, ban taɓa sallamar mai ladabi ba gyara ba."

"Sauran fa?"

"Sun gaishe ni?"

Ran nan da kansa ya auna, yana share bakin cokalin da rula. Rokoki goma suka tsaya iyakar taga. Sunan Amatullahi ya zauna a takardar Dutse. Haƙuri dai bai ba ta ba, amma a jerin abubuwan da dole su zama daidai, ƙarƙashin kanwa, ya ƙara: gaisuwa.