Ɗamarar Soja

Soja dai bai taɓa riƙe bindiga ba. Direban bas ne har ya ajiye aiki. Tsayuwarsa ce ta jawo masa sunan: kai ya yi fari fat, amma in ya miƙe sai ka ce taɓarya. In abokansa na bencin shagon aski suka tambaye shi sirrin, sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Horo ne. Ku kujerar kushin ce ta lalata ku."

Ƙarya yake shararawa, Allah ya yafe masa. Abin da ke tsayar da shi wata ɗamara ce ta kaki mai kauri, daga ƙirji zuwa ƙugu, an jera ƙarafunan tsohuwar lema a cikinta. Yayarsa, tsohuwar tela da ke zaune a ɗakin baya, ita ke ɗinka masa a ɓoye tun da kujerar bas ta cinye masa baya.

To, yana da jika, yarinya mai baki, shi ya sa mata suna Barkono. Ƙashin bayanta ya fara karkacewa, likita ya ba ta rigar roba mai tauri da za ta riƙa sawa ƙarƙashin kayan makaranta. Likitan ya faɗa ƙarara: in ba ta sa ba, sai an kai ga aikin tiyata. Ta sa na 'yan kwanaki, sai 'yan ajinsu suka gano. Wannan ya ƙwanƙwasa, wancan ya ƙwanƙwasa, suna ihu, "Kunkuru, leƙo!" Ta dawo gida ta cilla rigar bayan kujera ta ce ita da rigar har abada.

Uwarta ta lallashe ta, ubanta ya yi faɗa, duk a banza. Hankalin Soja ya tashi ƙwarai, don duk cikin jikokinsa ita ce ransa. Ya sa aka kira ta falo, ya tsaya a gabanta ƙiƙam.

"Ke, Barkono! Kin san da me muka girma? Kamfai na buhun fulawa! Ba roba, sai zariya. In ta ƙulle, ko ka yanke ko ka jiƙe. Muka sa, ba mu ce uffan ba."

"Ba ku ce uffan ba?" Muryar Yaya ce daga bakin ƙofa, tabarau a kan hanci, zare a baki. "Wa ya cilla nasa kan rufin ɗaki yana birgima?"

"Yaya, magana muke yi."

"Ni na ɗinka, ni zan faɗa. 'Yar nan, nasa ya faɗo daidai kan rubutun buhun. Ranar guje-guje wandonsa ya zame, duk makaranta ta karanta a ɗuwawunsa: A AJIYE A BUSASSHEN WURI. Kuma ko kaɗan wurin bai bushe ba."

Barkono ta toshe baki.

"Da roba ta shigo gari," Yaya ta ci gaba, "na yanko masa ta tayar keke. Ya kwana yana kuka wai na raba shi biyu."

"Abin nufi," Soja ya katse ta da ƙarfi, "kayan ciki ba abin kunya ba ne! Dube ni. Kin taɓa ganin na tanƙware?"

Don ya nuna mata, sai ya sunkuya zai jawo rigar daga bayan kujera. Wayyo! Aka ji ɓas. Maɓalli ya yi tsalle ya bugi gilashin agogon bango, ƙarfen lema ya huda rigarsa ya leƙo ta bayan wuya. Soja ya tsaya a sunkuye, ya kasa miƙewa.

"Na ce maka ka yi teɓa," in ji Yaya. "Ka ce awona ne ya tsufa."

Barkono ta yi dariya har da faɗuwa ƙasa. Can sai ta share hawaye, ta zagayo ta leƙa fuskarsa daga ƙasa.

"Kaka, ka ce ba abin kunya ba ne."

"Na ce."

"To me ya sa kake ɓoye taka?"

Kunya ta kama Soja, irin wadda bai ji ba tun ranar guje-guje.

Kashegari da safe Yaya ta gyara ɗamarar, tana ta mita. Soja ya sa rigarsa tukuna, sannan ya ɗaure ɗamarar a kai, a waje, ƙarafunan lema a jere kowa na gani. Ya ce wa Barkono shi zai raka ta makaranta. Ta dube shi, ta koma ɗaki. Da ta fito, tafiyarta ta nuna rigar robar na jikinta.

Hanyar makaranta kuwa ta gaban shagon aski ta bi, bencin kuma ya cika. Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. Wani tsohon makanike ya miƙe ya zagaya Soja yana tafa hannu.

"La ila! Ashe horon na lema ne! Soja, in ruwa ya sauko buɗewa kake yi?"

Benci ya kece da dariya. Amma Soja bai ƙara sauri ba. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kamar kullum. Ya san daga yau sunan nan na Soja ya tafi.

A ƙofar makaranta yara suka yi cirko-cirko suna kallonsa. Barkono ta saki hannunsa, ta dunƙule nata ta ƙwanƙwasa ɗamarar.

"Akwai mutum a ciki?"

"Akwai," in ji shi. Ya ƙwanƙwasa tata. "Nan fa?"

"Akwai. Kaka, gobe ka sa taka a ciki, don Allah. Kana ba ni kunya."

Ta shige aji, bayanta a miƙe.