Dashen Lemun Tsami a Ɗakin Kwastan

Kare ne ya tona masa asiri. Tsohon tela ya wuce wajen masu duba biza lafiya lau, ya nuna katin rigakafi an gyaɗa masa kai, har ya fara hango ƙofar fita, sai wani ɗan kare mai faɗin kunne ya zo ya shinshina jakarsa ta hannu, ya zauna daram a gabanta kamar an ba shi gadi.

Wata jami'ar kwastan ta yafito shi. Ya bi ta zuwa wani ɗaki marar taga, mai teburin ƙarfe da fitila fara fat, ga sanyi kamar an buɗe firji. Ba ya jin yarenta, ita ma ba ta jin nasa. Ta sa safar hannu ta zuge jakar, ta fito da wani ƙunshi mai laushi, ta tsaya tana jujjuya shi.

Shi ya ɗinka abin da hannunsa, da ragowar yadi da auduga, har da 'yan ramuka na shan iska da maɓalli a sama. Da ta ɓalle maɓallin, sai ga gwangwanin madara cike da ƙasa, da ɗan dashen lemun tsami wanda tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, ganyensa kore shar.

Matarsa ce ta shuka ƙwallon a bakin tagar kicin, tun kafin ciwo ya kwantar da ita. Da ta rasu, 'yarsu Auta ba ta samu zuwa ba, don takardunta na zama a wannan ƙasa ba su fito ba, in ta fita ba ta da hanyar komawa wajen mijinta da aikinta. A waya ta yi kukanta. Abu ɗaya ta roƙe shi: in Allah Ya sa bizarsa ta fito, ya zo mata da wani abu da hannun Inna ya taɓa. Ta kuma ja masa kunne, ban da nama, ban da madara, ban da 'ya'yan itace. Duk ya kiyaye. Dashen ne kawai bai faɗa mata ba, yana so ta gani da idonta. A ganinsa itace ai ba abinci ba ne. A cikin jirgi ma, ruwan da aka ba shi rabi ya sha, rabi ya tsiyaya masa a ɓoye.

Jami'ar ta danna wayar da ke kan tebur, ta yi magana, sai wata murya ta fito da yarensa.

“Baba, barka da hanya. Ni ne tafinta. Me ka ɗauko mana ne?”

Tun da ya bar gida bai ji kowa ya kira shi Baba ba. Ya matso da kujerarsa kusa da wayar, har ya ɗan rusuna mata.

“Ɗan lemo ne, yaro. Bai ko fara fure ba.”

“Kai, Baba! Mutane na ɓoyo gwal, kai ka ɓoyo gona?”

Tela ya yi 'yar dariya. Ya ba da labarin a hankali, tafinta yana juyawa, jami'ar tana sauraro ba ta katse shi ba. Da ya gama ta yi dogon bayani, muryarta a ƙasa.

“Ta ce ta yi maka ta'aziyya,” in ji tafinta, yanzu babu wasa a bakinsa. “Amma ƙasa da ɗanyen tsiro ba sa shiga. Akwai ƙwari da cutar da ido ba ya gani, in suka shigo sai su cinye lambunan mutane kaf.”

“Gaskiyarta. To a zubar da ƙasar, in wanke saiwar tas a famfo.”

“Ta ce ko an wanke. Sai da shaidar masu duba tsirrai tun daga can gida.”

“Ganye ɗaya fa? In sa a aljihu.”

“Ko ɗaya, Baba.”

“To a kira mini yarinyar, tana nan bayan ƙofa. Ta leƙo ta gan shi kawai, ba sai ta taɓa ba.”

Aka juya maganar. Jami'ar ta girgiza kai, ta kawar da ido.

“Masu tarya ba sa shigowa nan. Ba za a ci ka tara ba, ta ce, tunda ba ka sani ba. Amma dashen za a ƙone shi.”

Tela ya dubi kwandon sharar da ke lungu, mai murfi ruwan ɗorawa. Ya laluba wayarsa, babu layi a cikinta, sai hoton agogo. Auta na can taku kaɗan, bango ɗaya tsakaninsu, ba ta san ma me ake ciki ba.

“Yaro, kai ɗan wane gari ne?”

“Baba, ba a yarda mu yi hira ba. Akwai wata tambaya?”

“Tambaye ta, ko zan iya yi masa sallama.”

Jami'ar ta turo gwangwanin gabansa. Nan wayar ta yi ƙit, muryar ta tafi, ɗakin ya koma shiru sai ƙugin na'urar sanyi.

Ya tsinki ganyen ɗaya bayan ɗaya, ya tara su a tafinsa. Ya haɗa hannuwa ya murza, ya murza, da ƙarfin yatsun da suka saba da almakashi, har ruwan ganyen ya shiga tsagar fatarsa, ƙanshi ya tashi ya cika ɗakin. Sannan ya karkaɗe dagwalon a kan tebur, ya nuna mata hannuwansa gaba da baya, babu ko ɓurɓushi. Ta miƙo masa takardar goge hannu. Ya girgiza kai. Ta dube shi jim, ta mayar da takardar, ta rataya masa jakar a gwiwar hannu da kanta, ta buɗe masa ƙofa.

Ya fito hannuwansa a dunƙule wuri ɗaya a ƙirji, kamar mai ɗauke da ɗan tsako. Akwatinsa da ƙafa ya riƙa tura shi. Mutane na ratsa shi ta ko'ina, kowa da yarensa, shi kuwa tsoronsa kada hanyar ta yi tsawo iska ta kwashe ƙanshin.

“Baba! Baba, ga ni nan!”

Auta ce. Ta rame, ta kuma yi kama da uwarta fiye da da. Ta taho da gudu za ta karɓi jakar, tana tambayar me ya tsare shi, ko ba shi da lafiya ne, me ya sami hannunsa.

“Tsaya, Auta. Kawo fuskarki.”

Ya buɗe tafukan a saitin hancinta. Shi kansa bai san ko akwai saura ba. Ta ja numfashi sau ɗaya, ta tsaya cak. Sai ta kama hannuwan nasa biyu ta danna su a fuskarta, ta ƙi saki, masu akwatuna suna kewaye su suna wucewa.