Tagar Bayan Gidan Biskit

Babana Vernon ya kwashe shekarun ƙarfinsa yana tuƙa ƙaramin jirgin ƙasa a Ƙauyen Kirsimeti na Tamarack, wurin wasan yara da ke bakin garinmu a arewacin Michigan. Can kullum Kirsimeti ne, ko a watan Yuli, lokacin da Baba Kirsimeti ke sharce gumi a cikin jar riga yana tsine wa gemun roba. An rushe wurin tun ina sakandare. Yanzu rumbunan ajiye tarkace ne.

Da mantuwar tsufa ta kama Baba, sunana ne ya fara tafiya. Sai ya dube ni da ladabi ya ce, "Sannu, baiwar Allah." Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Ni dai abu ɗaya nake nema, ya ce Maxine, ko sau ɗaya.

Shi ya sa na duƙufa gina Tamarack a wani wasan kwamfuta da ake shirya wuraren shaƙatawa a ciki. Yayana Dwight ya ce na wuce shekarun wasan 'yartsana, amma shi ne ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffin hotuna. Na kafa garken barewa, da gidan biskit inda marigayiya Mama Arlene ke gashi, da layin dogon da ya kewaye su. Har fentin da ya ɓare a jikin tashar na kwaikwaya, don taurin kai irin nawa.

Ranar wata Lahadi bayan coci na haɗa wasan da talabijin, na sa hoton kamar mutum na zaune a kujerar direba. Jirgi ya tashi. Baba ya kalla har aka kewayo, sannan ya ce wannan direban a kore shi, bai san aiki ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kusa kashe abin. Dwight ya tambaye shi laifin direban, Baba ya ce ya wuce taga.

Wace taga? Mun zazzage hotuna kaf, babu ita. Ashe masu ziyara gaban gini kawai suke ɗauka, ni kuma na bar bayan gidan biskit bango fayau. Nan ne na tuna. Idan jirgi ya karya kwana ta bayan ginin, inda ba kowa, Baba kan rage gudu ya kaɗa ƙararrawa, Mama ta miƙo masa kofi ta taga. Ni kuma a ɗago ni ta nan a zaunar da ni kusa da shi, don ba a yarda 'ya'yan ma'aikata su hau ta tasha ba.

Nan take na huda taga a bangon, na sa jirgi ya riƙa tsayawa a gabanta. Dwight ya shiga kicin ba tare da an aike shi ba.

Da jirgi ya tsaya, Baba ya ɗaga hannu yana laluben igiyar ƙararrawa. Tagar wasan ba kowa a cikinta. Na karɓi kofin da Dwight ya haɗo, na miƙo wa Baba ta gefen talabijin. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Sukari ya yi yawa, Arlene. Ina yarinyar? Ba na tashi sai Maxine ta hau."

Na zagayo na zauna a hannun kujerarsa, ni da furfurata.

"Na hau, Baba."

Bai waiwayo ba, idonsa na kan layin dogo. Ya dai miƙo hannu ya tare ƙirjina yadda yake yi a kwana don kada in faɗi.

"Riƙe da kyau," ya ce. "Kada mai wurin ya gan ki."