Tafarnuwar da Ta Jira Rani a Thamesmead

A duk faɗin London ta shekarar 1975 babu wanda ya san tafarnuwa kamar Malam Maharazu Jalo. Yana da digiri a fannin noma, ya yi shekara shida yana jami'in gona a gida, kuma gwamnatin jiharsu, wadda kuɗin mai ya yi wa yawa har ta rasa inda za ta kai shi, ta turo shi ƙaro ilimi na shekara biyu. Ya sami flat a hawa na tara a Thamesmead, cikin wani dogon ginin siminti mai kallon wani ginin irinsa.

Tafarnuwar kuwa ta matarsa ce, Luba. Kai goma sha huɗu ne, ƙanana, masu jan ɓawo, irin da mahaifinta ya yi ta nomawa a fadamarsu har ya rasu. Fadamar yanzu tana ƙarƙashin ruwan wani sabon dam. Yayyenta maza sun koma birni neman kwangila, ba wanda ya tuna da ajiye iri. Ranar da za su taso, mahaifiyarta ta ƙulle abin da ya rage a tsohon kallabi, ta ce tunda an ce ƙasar Turawa akwai sanyi, ta shuka a can, in za su dawo ta dawo da irin. Babu sauran irin a ko'ina.

Maƙwabciyarsu ta hawa na bakwai, Sista Eunice Katung, nas ce 'yar Kagoro, shekararta goma sha ɗaya a London. Tana da ɗan fili da take haya a wajen hukumar unguwa a Plumstead, inda take noma kabeji da albasa. Da Luba ta kwance mata kallabin, ta ce ta ba ta kunya biyu kyauta, amma a yi sauri. A nan, in ji ta, ana sa tafarnuwa cikin watan Oktoba, ta sami makonni ta yi saiwa kafin ƙasa ta daskare, sannan ta kwanta ta sha sanyinta, sai an fita daga sanyi ta tashi.

Maharazu yana zaune da littafinsa yana jin su. Ya rufe littafin a hankali.

“Sista, ke allura kika karanta,” ya ce. “Tafarnuwa amfanin rani ce. Ba a sa ta a ƙasa sai damina ta ɗauke. Leƙa tagar nan ki gaya mini abin da kike gani.”

“Malam, ruwan garin nan ba ya ɗaukewa. Hutawa kawai yake yi.”

Ya yi mata murmushin da ake yi wa wanda bai je jami'a ba. Ya bayyana cewa zai bi abin a ilimance: ranar da aka cika kwana bakwai a jere babu ɗigon ruwa, damina ta wuce, washegari za a shuka. Ya rataya kalanda a kicin, yana sa alama da jan biro.

Oktoba ta wuce, bai taɓa kai kwana uku ba. A Nuwamba sau ɗaya ya kai huɗu, ya fara maganar sayen takalmin gona, ran na biyar aka tashi da yayyafi. Sista Eunice ta sa tata tafarnuwar, ta rufe da busasshen ganye, ta bar kunya biyun a buɗe. Sau biyu ta tare Luba a bakin lif ta ce ta zo su hau bas su je su gama aikin cikin awa ɗaya, ba sai an gaya wa kowa ba. Luba ta ce za ta duba. Ta san abin da hakan yake nufi: mace ta tsallake mijinta jami'in gona, ta bi shawarar nas a kan shuka. Ta gwada yi masa magana sau ɗaya, ta ce tana ganin kawunan sun fara laushi. Ya ce tsoro ne irin na wanda bai san kimiyya ba.

Flat ɗin kuwa da zafi dare da rana, don hita ba ta mutuwa tun shigowar sanyi. Luba ta yi ta yawo da kallabin, daga kicin zuwa ƙarƙashin gado, daga nan zuwa bakin taga inda gumin gilashi yake jiƙa shi. A Disamba wasu kawunan suka fito da koren tsiro, suka miƙe suna neman ƙasa, suka gaji suka yi rawaya.

A tsakiyar Janairu sama ta washe. Kwana bakwai cur babu gajimare. Maharazu ya sanar cewa rani ya shigo, suka hau bas zuwa Plumstead da aron shebur. Ya kafa shi a kunya ya taka da ƙarfi, shebur ya yi ƙara kamar ya bugi daɓe, ya dawo masa. Ya sake, har sau huɗu. Ƙasar ta zama dutse, ciyawa duk ta yi fari. Ya tsaya yana haki, tururi na fita daga bakinsa, ya ce a ba ta mako ɗaya ta huce. Da ta huce, da ruwa ta huce, aka koma kalanda.

Ba wanda zai iya rantsuwa cewa tafarnuwar fadama za ta rayu a ƙasar Plumstead. Mai yiwuwa da sanyin ya kashe ta. Ba a dai ba ta damar mutuwa a ƙasa ba.

A Maris Luba ta kwance kallabin. Duk wanda ta matsa sai ya lotse, ƙura mai launin toka ta fito. Maharazu ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da fitila, ya juya shi, ya ce matsalar a bayyane take, rashin iya ajiya ne. Ya maimaita wannan bayanin ranar Lahadi ga abokinsa Hambali, ɗalibin lauya da ya zo cin tuwo, ya ƙara da cewa yawancin asarar da ake yi a noman ƙasarmu a hannun mata take faruwa, bayan girbi. Hambali ya gyaɗa kai, ya ce jibi zai tafi gida hutu, in akwai saƙo.

Mahaifiyar Luba ba ta karatu, kaset ake aika mata. Washegari da rana, bayan Maharazu ya tafi makaranta, Luba ta ɗora rikoda a teburin kicin ta danna. Ta gaida kowa da sunansa. Ta ce suna lafiya, Malam yana ta ƙoƙari a karatu, malamansa suna yabonsa.

“Inna, irin Baba ya lalace,” ta ce. “Ni ce ban iya ajiye shi ba. Ki yafe mini.”

Ta kashe rikodar, ta rubuta sunan garinsu a bayan kaset ɗin, ta tashi ta ɗora ruwan abincin dare.