Auren da Hajja Yakaka Ta Ɗaura a Shagon Kitso

Duk ranar Lahadi in an idar da la'asar, Hajja Yakaka takan naɗa lafayarta ta bar Fagge ta nufi Sabon Gari, ƙamshin turaren wutar da take sayarwa yana bin ta a baya. A shagon kitson Chiamaka take yada zango, inda Veronica, uwar mai shagon, ke zaune gaban talabijin tana jiran ta. Tun suna da ƙarfinsu suke tare, lokacin da suke sarin kaya a Kasuwar Singa. Yanzu yanar ido ta rufe wa Veronica gani, don haka in an fara shiri ita ke saurare, Hajja ke gane mata.

Shirin na 'yan sanda ne, amma wa ya damu da ɓarayin? Kowa don Insifekta Ikhlas da Sajan Abdulgani yake zuwa. Shekara da shekaru suna mota ɗaya suna bin sawun masu laifi, kuma wallahi ko sau ɗaya bawan Allahn nan bai buɗe baki ya ce yana son ta ba. Abin haushi! 'Yan matan shago sun rabu gida biyu, wasu su ce kunya ce, wasu su ce tsabar sakarci. Joy mai wankin kai har rantsuwa ta yi, in ba a yi auren nan ba, to ta bar kallo ke nan.

Ita kuwa Hajja ba ta ba da labari lami. In Sajan ya ɗan ɗaga ido, a bakinta sai ya zama kallon da ke sa mace mantawa da tukunya a kan wuta. Veronica takan jingina da kujera tana murmushi, ta lula can wata duniya inda idonta garau yake.

Wannan Lahadin ita ce ƙarshen shirin, ita ce kuma ƙarshen zaman Veronica a Kano. Washegari ɗanta Chimezie zai tafi da ita Enugu, tafiyar da ba dawowa.

"Hajja," in ji ta, "in dai yaran nan suka yi aure, zan bar garin nan da farin ciki. Shi kaɗai nake roƙo."

Hajja ta riƙe maganar a ranta. Ba ta da abin sallama da ya wuce wannan.

Aka kewaye maɓoyar ɓarayi, aka yi harbi, aka kama ubangidansu. Sai magana ta ɗauke, ya rage busar sarewa kawai. Ga Ikhlas tsaye a ƙofar asibiti, wani ɗan sanda ya miƙa mata hular Abdulgani, alamar ya rasu. Kai, masu shirin nan ba su da imani!

"Me ake yi? Hajja, kin yi shiru."

Hajja ta watsa wa 'yan matan harara, kowa ta kama bakinta.

"Biki ake, Maman Chiamaka. Ya warke, har an ɗaura."

Da ta fara kuwa sai abin ya ɓalle mata. Ga amarya cikin lafaya ruwan zuma, lalle ya kama ta har gwiwar hannu. An jera kaskon turare tun daga soro, hayaƙi yana tashi a hankali, fitilu suna iyo a cikinsa. 'Yan sanda sun ajiye bindiga suna ta rawa. Ita kanta Hajja ta daina ganin talabijin, bikin take gani. Amarya ta ɗauki ƙoƙon abin sha tana ratsa jama'a tana neman angonta don ta miƙa masa, yadda Chiamaka ta yi ranar nata auren bisa al'adarsu.

Joy ta kasa daurewa, ta fashe da kuka.

"Kukan me yarinyar nan take yi?"

"Kukan biki mana."

Veronica ta miƙa hannu tana lalube har ta sami fuskar Hajja. Ta ji ta jiƙe sharkaf.

"Hajja, makauniya ce ni, ba kurma ba. Na ji harbin. Kuma yaushe Ikhlas ta koyi yawo da ƙoƙo irin namu?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe Hajja. Ta so ta ba ƙawarta abu ɗaya tak, shi ma ya gagara. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Veronica ta damƙe hannunta.

"Naki ya fi nasu. Ci gaba. Ta same shi?"

"Ta same shi," in ji Hajja. "Yana can ƙarshen rumfa, ya sha babbar riga."

"To ta durƙusa ta ba shi. Kada ki yi sauri, Hajja. A Enugu ba ni da mai gane min."

Chiamaka ta tashi ta kashe talabijin. 'Yan matan suka jawo kujeru kusa, Hajja ta share ido ta shigo da makaɗa cikin labarin.